Dutsen Washi a Ƙofar Guga

Hajo ta dawo da tambaya a bangon littafi:
"Kaka, mi ya raba gatse da habaici?
Malam ya ce gobe kowa ya zo da amsa."
Na rage muryar rediyo, na ce ta zauna.
Ni ba a aji na koye su ba.
A gindin dutsen Nomau na koya,
mai washin wuƙaƙe a Ƙofar Guga,
wanda harshensa ya fi hajarsa kaifi.

Gatse, Hajo, zuma ce a bakin aska.
Ki lasa, ki yi godiya,
sai a hanya ki ji gishirin jini.
Wani ya kawo adda, ya biya rabin kuɗi,
Nomau ya ce, "Haba Alhaji, ɓarnar ta yi yawa!
Tsaya ka karɓi canji,
kar iyali su kwana da yunwa."

Habaici kuwa ba ya kiran suna.
Allura ce a cikin tabarma,
wanda ya zauna kanta shi ke zabura.
Sai Nomau ya ɗaga almakashi, ya ce masa,
"Akwai masu baki biyu irin naka a garin nan,
amma kai ko tela kana wa rana."
Rumfa ta yi tsit.
Mai kaza a aljihu ya tuna ana jiransa a gida.

Zambo ba ya rufe fuska.
Ya kamo mutum tun daga hula har sau,
ya ce wuya kamar na zalɓe, tafiya kamar ta agwagwa,
yara su haddace, su kai bakin rijiya.
Mai shi ya mutu, zambon na nan yana yawo.

Gugar zana ba ta yanka.
Wucewa kawai aka yi ta gefenki,
da dare ki tarar da sartse.
Ba'a bayan wuƙa ce, ta taubasai,
a buga, a yi ƙara, ba jini.
Baƙar magana ita ce wadda ba a shirya wa:
an taka ki, ta fito da kanta,
gajeriya, ba kube.

Hajo na ta rubutu. Can ta ɗago:
"Kai wacce ka fi iyawa?"

Na daɗe ina kallon silifas ɗina.

Ranar rabon gonar mahaifinmu a Ɓatagarawa,
Sada, ƙanena, ya nemi gefen rijiya.
Na ce, "A haɗa masa da rijiyar ma.
Ai shi ya sha jinyar Baba,
daga Legas, ta waya."
Mutum bakwai suka yi dariya.
Sada ya sa takalminsa a hankali.
Damina tara bai taka zaurena ba.

Washegari na kai wa Nomau labari, ina taƙama.
Bai tsayar da dutse ba.
Ya yayyafa ruwa, ya goga, ya duba baki,
ya aske gashi uku a bayan hannunsa,
sannan ya ce,
"Ni a jikina nake gwadawa kafin in miƙa.
Kai a wuyan wa ka gwada?"

Shekara talatin ke nan
ban san sunan wannan maganar ba.
Ba gatse ba ce, ba habaici ba,
amma ita kaɗai ta rage a jikina.

"In rubuta wannan ma?"
Na ce a'a.
Rubuta: gatse, a faɗi abu ana nufin kishiyarsa.
Habaici, a soki mutum ba a ambace shi ba.
Malam zai ba ki maki.

Ta rufe littafi, ta dubi inuwar da ta kai bango,
ta ce, "Kaka, gaskiya ka iya taƙaitawa."

Na lasa. Na yi godiya.